Mai Cin Ciyawa Ma Yana Da Ƙaho



Shin wanda ba ya cutar da kowa, dole ne ya zama wanda kowa zai iya takawa? Mutane da yawa sun ɗauka haƙuri da rauni abu ɗaya ne. Ni ban yarda ba, kuma yau hujjata ƙasusuwa ne: na dainaso, manyan dabbobin nan da masana ke cewa sun gushe shekara miliyan 66 da suka wuce. Mafi yawansu ganye kawai suke ci, amma Wanda Ya halicce su bai bar su hannu rabbana a gaban masu cin nama ba.

Wasu girman jiki ne garkuwarsu. Ba ma sai mun je nesa ba, a yankin Ingal na jihar Agadas aka tono Jobaria a 1997, tsawonsa ya haura mita 15. Mai farautar da aka samu a ƙasa ɗaya da shi, Afrovenator, kamar mita 8 ne. To ta ina zai fara?

Wasu kuma makami ne sosai. Stegosaurus yana da tsinke huɗu na ƙashi a ƙarshen wutsiya, kuma ba ado ba ne, domin an samu ƙashin wutsiyar wani Allosaurus da rami wanda ya yi daidai da tsinken, har ya fara warkewa. Wato ya kawo hari, ya sha duka, ya gudu da ransa. A Mongoliya a 1971 an tono wani Protoceratops, ɗan ƙarami mai cin ganye, ya datse hannun Velociraptor da baki, rairayi ya binne su a haka. Wanda ya fi burge ni shi ne Borealopelta da aka samu a Kanada a 2011. Sulke ne tun daga wuya har wutsiya, nauyinsa ya haura tan ɗaya, amma duk da haka launin jikinsa na sajewa ne, baya da duhu, ciki da haske. Yana da sulke, bai hana shi ɓuya ba. Ashe kauce wa fitina ba tsoro ba ne.

Zuwa nan na san da yawa sun ji daɗi, musamman waɗanda 'yan bindiga suka hana barci. Kuma gaskiya ne, shari'a ta ba mutum damar kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa daga ɗan ta'adda, babu mai musun wannan.

Sai dai ƙasusuwan ba su gama magana ba.

Akwai wani mai sulke da gudumar ƙashi a wutsiya, an sa masa suna Zuul, a jihar Montana ta Amurka aka tono shi. Da masana suka duba jikinsa sai suka ga ƙayoyin sulkensa sun kakkarye sun warke. Abin lura, raunukan sun taru ne a kuiɓi, hagu da dama, daidai inda gudumar ɗan uwansa za ta sauka. Mai farauta ta sama yake cizo, a wuya ko a gadon baya. A 2022 suka fitar da sakamako cewa 'yan uwansa ne suka yi masa wannan aika-aika. Haka Triceratops mai ƙaho uku: an ƙirga raunuka a ƙoƙon kan da yawa daga cikinsu, wurin da suke ya dace da sukar ƙahon Triceratops ɗan uwansa.

Dabba ba ta da laifi, ba a ɗora mata hisabi ba. Mu fa? Matsalar makami ita ce maƙiyi ba kullum yake zuwa ba, shi kuwa makami kullum yana hannu. Ranar da ɓarawo bai zo ba, akwai maƙwabcin da kuka yi rigimar iyakar gona, akwai Bafulatanin da ya shigo kasuwa sayar da nono bai san hawa ba bai san sauka ba. Mun ga garuruwan da aka ɗauki bindiga don tsaro, kafin shekara ta zagayo ana kashe mutum saboda ƙabilarsa, ba alƙali ba shaida. Malaman fiƙihu ba banza suka gindaya sharaɗi ba, cewa a tunkuɗe mahari da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, in ya juya baya a ƙyale shi. Shi Allosaurus ɗin nan da na ambata, ai da ransa ya tafi, shi ya sa ma ƙashin ya samu lokacin warkewa.