Kare Kai Halal Ne, Amma Yana Da Iyaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mutanen Daudawa da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba su bukatar a gaya musu abin da ake kira tsoro. Tun kafin sace 'yan makarantar Ƙanƙara fiye da 300 ran 11 ga Disamba 2020 da bayansa, manomi a wannan yanki ya sha fita gona bai san ko zai kwana gida ba. Saboda haka tambayar da ke bakin jama'a ita ce: in an auka wa mutum ya kare kansa har ya ji wa maharin rauni ko ya kashe shi, mene ne hukuncinsa?

Musulunci bai ce ka miƙa wuya a yanka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Sun kuma ruwaito labarin wani da ya ciji hannun abokin faɗansa, shi kuwa ya fizge hannunsa har haƙorin mai cizon ya fita, da suka kai ƙara Manzon Allah (S.A.W.) bai ba mai haƙori diyya ba. Amma Suratul Baƙara aya ta 194 ta ɗaure ramuwa da gwargwadon ta'addancin da aka yi, Suratul Isra'i aya ta 33 kuma ta hana ƙetare haddi wajen kisa, ko ga wanda aka kashe wa ɗan'uwa. Shi ya sa malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, suka ce a fara da gargaɗi in da hali, ba a nufin kisa sai an tabbata maharin ba zai kau ba sai da shi. In ya juya da gudu, ko ya faɗi ba ya iya kome, to kare kai ya ƙare. Abin da ya biyo baya ramuwar gayya ce, hukuncinta kuwa na alƙali ne.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da kare rai da dukiya da ƙarfin da ya zama dole, haka nan dokar Final Kot da Jihar Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta hana yin ɓarnar da ta wuce bukata.

Ga misali daga Jihar Adamawa. A 2015 wani manomi, Sunday Jackson, ya ce wani makiyayi ya auka masa da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, makiyayin ya mutu. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2022, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar ran 7 ga Maris 2025, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalai biyar ta saɓa. Hujjar masu rinjaye ita ce tun da ya ƙwace makamin, yana da halin tserewa. Sai a Disamba 2025 Gwamnan Adamawa ya yi masa afuwa, bayan shekara goma a tsare. Abin lura shi ne bayanin da ya yi wa 'yan sanda tun farko shi ne babban abin da kotunan suka dogara da shi.

To, a nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Wani don tsoro sai ya ce bai ma je wurin ba, in shaida ta kama shi sannan ya ce kare kansa ya yi, alƙali kuwa ya riga ya san shi da magana biyu. Wani don fariya sai ya ƙara gishiri. Wani a rubuta da Turanci ya dangwala yatsa bai san abin da aka rubuta ba. Magana zarar bunu ce. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu sai da babban dalili, abin da ke rubuce take dubawa.

Suratun Nisa'i aya ta 135 ta umurce mu da tsayar da shaida don Allah ko da a kan kawunanmu ne. Saboda haka faɗi gaskiya daki-daki: wa ya fara, me ke hannunsa, ina ya ji maka rauni, yaushe ka tsaya. Nuna rauninka, ka nemi a kai ka asibiti a rubuta. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma akwai Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976 domin marasa hali. Kada ka sa hannu sai an karanta maka da harshen da kake ji.

Ku kuma 'yan sanda, ku ji tsoron Allah. Jumhurun malamai ba su karɓar iƙirarin wanda aka tilasta, Dokar Shaida ta 2011 ta yi watsi da shi, dokar 2017 kuma ta mai da azabtarwa laifi. Alƙalamin da ke hannunku na iya rataye bawan Allah.

Wanda kuwa ya ga an zalunce shi, ɗaukaka ƙara ba rashin tawakkali ba ne. Sayyidina Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa Al'ash'ari cewa kada hukuncin jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana. Sai dai a hanzarta, domin kwana 90 doka ta bayar daga hukuncin Babbar Kotu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare hannuwanmu daga jinin da bai halatta ba, da harsunanmu daga ƙarya. Amin.