Taki Ne Ko Damina?

Ran nan a majalisa, bayan isha'i, wani maƙwabcinmu ya rantse cewa sabon takin da ya saya a kasuwar Muda Lawal ne ya ninka masa masara bana. Sai wani dattijo ya ce, "Malam, irin bara ka shuka?" Ya ce a'a, ya canza. "Gonar fa?" Ya ce ya koma wata a hanyar Gubi. Damina kuwa kowa ya shaida ta yi kyau. Dattijon ya ce, "To, abu huɗu suka sauya, ta yaya ka gane taki ne?"

Muka yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce. Da an ƙyale shi, da wasunmu sun ci bashi sun sayi takin nan baɗi.

Malaman gona da masu bincike, irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna da ƙa'ida. A raba fili biyu: iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya, taki kaɗai ya bambanta. Sannan a maimaita a wurare da dama, don wataƙila wani gefen tsohon makwancin shanu ne. Haka likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya yi a 1747. Ya ɗauki mutum 12 masu ciwon da ke ruɓar da dasashi, ya ajiye su wuri guda, abinci iri ɗaya, ya raba su bibbiyu, kowane kashi da maganinsa. Waɗanda aka bai wa lemu da lemun tsami su suka fara murmurewa.

Sai dai ma'aunin kansa amana ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200: rabi sabon magani, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka rasu. An zargi kamfanin da rashin neman cikakkiyar amincewar iyaye, da kuma rage adadin tsohon maganin da aka yi kwatance da shi. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Darasi biyu ke nan: rage wa ɓangare ɗaya tauye mudu ne, kuma ɗan Adam ba kunyar gona ba ne da za a yi gwaji a kansa ba da yardarsa ba.

Yanzu mu dawo gida. Sau nawa muke cewa ɗan wane haziƙi ne, ɗan wance daƙiƙi? Mun duba kuwa cewa ɗaya ya karya kumallo kafin ya tafi makaranta, ɗayan kuwa daga talla ya wuce aji? Haka muke yi wa matan gida, da malamai, da yaran shago. Mu kwatanta mutum biyu da komai nasu ya sha bamban, mu ɗora wa hali.

Gaskiya ne, rayuwa ba ta rabuwa kamar fili, ba za mu iya daidaita komai ba. To shi ya sa ma ya kamata bakinmu ya yi nauyi. Hausawa sun ce zato zunubi. Kafin mu ce "wannan ne sanadi", mu tsaya mu ƙirga me da me ya sauya.

Maƙwabcin namu dai ya ce baɗi zai raba gonar biyu. Allah ya kai mu kaka.