Kafin a Shimfiɗa, a Taɓa Baya

Babbar Sallah ta shekarar 2019 ta faɗo ne ranar Lahadi, 11 ga Agusta, a tsakiyar marka. Ana saura kwana uku, uwargida ta dubi kafet ɗin falo, ta dube ni, ta ce ita kam ba za ta sauki baƙi a kan wannan ba. Da gaskiyarta. Ga tabon shayi kusa da ƙofa, ga inda yara suka ɓarar da miyar kuka, ga duhun sawu a hanyar da ake bi zuwa ɗaki. Na naɗe shi, na ɗora a adaidaita sahu, sai wurin wankin mota na bakin titinmu, inda samari ke wanke kafet da darduma su baza a kan katanga.

Ran jajibiri da la'asar na koma ɗauka. Dattijon da ke kula da wurin ya ce, "Malam, da ka bar shi zuwa bayan Sallah. Jiya rana ba ta fito ba, yau ma leƙowa kawai ta yi." Na shafa fuskar kafet ɗin, na ji ta bushe ƙamas. Na ce, "Baba, ai ya bushe." Ya ce, "To, naka ne." Bai ƙara ko kalma ba.

Daren nan muka shimfiɗa shi, muka mayar da kujeru mazauninsu. Ran Sallah falo ya yi kyau, turaren wuta na tashi, ƙamshin suya ya cika gida, kowa ya shigo sai ya yaba. A kwana na uku wani wari ya fara tasowa, irin na wankin da aka manta a bokiti. Uwargida ta ƙara gawayi a kasko, ta ƙara turare. Warin ya haɗu da ƙamshin suka zama wani abu na uku da ya fi kowannensu muni.

A ranar ne Goggo, yayar mahaifina, ta zo. Ta ƙi kujera kamar yadda ta saba, ta zauna a ƙasa. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce, "Ɗan nan, ɗaga mini gefen shimfiɗar nan." Na ɗaga. Siminti ya yi duhu da laima, bayan kafet ɗin da sanyi kamar jikin randa, ga ɗige-ɗigen fumfuna sun fara fitowa a inda ƙafar kujera ta danne.

Na ce, "Goggo, wallahi sai da na taɓa na ji ya bushe."

Ta ce, "Fuska ka taɓa. Wa ya ce maka a fuska ruwa yake kwana?"

Daga baya, da na bi diddigin abin, na gane cewa kafet yakan ruɗi mai shi ta hanya biyu. Yawancin waɗanda muke saye a kasuwa da zaren roba ake yin su, shi kuwa zaren roba kusan ba ya shan ruwa. Ruwan sai ya zarce ƙasa ya taru a saƙar baya, fuska ta bushe cikin 'yan sa'o'i, baya na jiƙe. Darduma ta ulu kuma nata salon daban: ulu na iya riƙe ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, ka taɓa ba ka ji jiƙa ba. Ko wanne ka mallaka, tafin hannun da ya tsaya a sama bai isa shaida ba.

Ita kuwa fumfuna ba daga nesa take zuwa ba. Ƙwayoyinta na yawo a iskar kowane gida, danshi kawai suke jira da ɗan abin ci, ƙura da ragowar sabulu kuwa sun ishe su. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe a cikin gida kafin sa'a 24 zuwa 48 su wuce, don bayan nan ne fumfuna ke samun gindin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2009 kan iskar cikin ɗaki, ta danganta zama a wuri mai danshi da fumfuna da tari, da shaƙewar numfashi, da tashin asma. Ka tuna su wa suka fi kusa da kafet a gidajenmu: jariri mai rarrafe, da tsohuwa mai zama a ƙasa, da mai sallah da ke ɗora goshi da hanci a kai sau da yawa a yini. Duk wanda ya taɓa yin sujada a sahun baya na masallaci, kusa da ƙofar da ake shigowa da ɗanyar alwala a ƙafa, ya san warin da nake nufi.

Akwai wani abin da ya fi warin ba ni mamaki. Tabon shayin nan da na ga ya fita tas a wurin wanki, bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo a inda yake, ya ma ƙara faɗi. Dalili shi ne shayin ya daɗe da ratsawa har baya. Wanki ya ɗauke na sama, na ƙasa ya narke a cikin ruwan da ya kwanta. Da fuska ta fara bushewa, sai zare ya riƙa jawo ruwan ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jawo kananzir, ruwa ya tashi a iska, datti ya tsaya a bakin zare. Gwargwadon jinkirin bushewa, gwargwadon abin da zai hau.

Da na mayar da kafet ɗin wurin dattijon nan, kunya ta ishe ni, shi kuwa ko a fuska bai nuna ya tuna ba. Na zauna a benci na kalli yadda yake aikinsa. Ya sa aka ɗauraye har sai da ruwa ya daina kumfa, don sabulun da ya rage shi ke riƙe danshi, shi ke kama ƙura daga baya. Aka sa katako mai faɗi aka tatse ruwan ta inda gashin kafet ɗin ya kwanta. Aka naɗe shi aka jingina a tsaye na ɗan lokaci ya tsane. Bai yarda a rataye shi a igiya ɗaya ba, ya ce nauyin ruwa zai ja shi ya karkace, ba zai sake kwanciya daidai ba. A kan sanduna uku aka ɗora shi, sama da ƙasa iska na wucewa, kuma a kife, baya na kallon rana. Bayan azahar aka juya shi a inuwa. Kafin magariba aka shigar da shi rumfa saboda raɓa, aka kunna masa fanka. Kwana biyu ana haka. A rana ta uku ya ɗauko farin ƙyalle ya shimfiɗa a bayan kafet ɗin, ya durƙusa a kai da gwiwa, ya ɗaga ya duba, ya sunsuna, sannan ya ce, "Yanzu ka ɗauka. Amma ka bar simintin ma ya sha iska tukuna."

Na tambaye shi me ya sa yake kifewa, alhali rana ce ake nema. Ya ce rana tana busarwa, tana kuma cin launi. Haka ne kuwa. A wani yanki da ake kira Doshemalti, kusa da birnin Antaliya a Turkiyya, in an girbe alkama da zafi akan baza dubban dardumomin saƙar hannu a gonaki, a bar su makonni ana juyawa, da gangan don rana ta kwantar da kaifin launinsu. Su suna so ne. Wanda ba ya so nasa ya koɗe, sai ya ba rana baya, ya ba iska fuska. Lokaci ma da nasa hukunci: da hunturu, iska a bushe take har leɓe na tsagewa, kafet kan bushe a yini ɗaya, sai dai a kakkaɓe ƙura, da marka kuwa iskar kanta a ƙoshe take da ruwa, ba ta da wurin karɓar naka. Mai hankali yakan duba sama kafin ya jiƙa abin da ba zai iya busarwa ba.

Maganar Goggo ta daɗe tana yi mini yawo a kai, har na fara ganin ta a wuraren da babu kafet. Inda na fi ganin ta shi ne wurin sulhu.

Mu mutane ne masu son a shirya, kuma wannan abin yabo ne. Mace ta yi yaji, miji ya aiko da biko, manya su zauna a zaure. A ce masa, "Ka ji tsoron Allah." A ce mata, "Ki yi haƙuri, ki koma ɗakinki, zaman aure ɗan haƙuri ne." Ya ce ya tuba, ta ce ta yafe, a shafa fatiha, kafin isha'i an raka ta. Kowa ya koma gida da farin ciki an kashe wuta. Sai dai sau nawa ake samun wanda zai ja ta gefe, inda ba idon surukai, ya ce, "'Yar nan, me ya fitar da ke?" Sau nawa ake tambayar mijin abin da shi ma ya haɗiye? An wanke fuska, an shafa an ji ta bushe, an shimfiɗa, an ɗora kujeru. Bayan wata biyu sai ka ji ta sake fita, a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, mutane su ce ba ta da haƙuri. Alhali tsohon tabo ne ya hau. Iyayenmu sun riga sun yi wa wannan suna: kitso da ƙwarƙwata.

Haka yake tsakanin 'yan'uwa bayan rabon gado, haka tsakanin abokan kasuwanci, haka tsakanin maƙwabta da suka yi rigimar kwata. Ana son a ga sun gaisa kafin Sallah, kamar yadda na so a ga falona kafin Sallah. In wari ya fara tashi, sai a ƙara turare: a aika da atamfa, a kai ƙafar rago, a yawaita murmushi a wurin biki. Kyauta abu ne mai kyau, turare ma haka, amma ba a taɓa jin hayaƙi ya busar da laima ba.

Shanyar dattijon nan tana da amsar duka ɓangarorin. Baya ake fara dubawa, wato abin da ba a faɗa a gaban taro. Sai an ɗaga kafet ɗin daga ƙasa iska ta bi ta ko'ina, wato kowa ya sami damar faɗin nasa har ya ƙare, ba a tare shi da "ya isa" ba. Ba a ɗora masa nauyi yana ɗanye, don ƙafar kujera takan bar tsatsa, ta bar shaida. Wanda aka ɓata wa rai jiya, kada yau a ɗora masa dole ya yi dariya. Ba a kuma baza fuskarsa ga rana tsaka. Wanda ya kwashi sirrin gidansa ya zuba a majalisa ko a Facebook, wai yana neman a shanya magana, zai ga ta bushe, amma mutuncin da ya koɗe ba ya dawowa. Inuwa ake nema mai iska: dattijai biyu ko uku masu riƙe baki, da lokaci.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa jinkiri kawai ake yabo. Kafet ɗin da aka naɗe da ruwansa aka jefa a lungu, aka ce sai an samu sarari, ya fi wanda aka shimfiɗa da gaggawa saurin ruɓewa. Hausawa da suka ce sauri ya haifi nawa, su ne kuma suka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Shanya aiki ce ta a tashi a juya, a duba sama, a shigar, a fitar. Mai cewa "a ƙyale su, lokaci zai gyara" bai yi shanya ba, ajiya ya yi, ajiyar jiƙaƙƙen abu kuwa an san ƙarshenta.

Kafet ɗin yana nan a falonmu. Warin ya tafi, tabon shayin ma ya tafi, amma a kusurwar da fumfuna ta fara ci akwai ɗan duhu a baya da wanki biyu bai fitar ba. Baƙo ba ya ganinsa. Ni nake gani, duk lokacin da aka dawo da shi daga wanki na durƙusa na zura hannu ta ƙasa kafin a shimfiɗa. Bara aka kira ni zaman bikon wata ƙanwarmu. An gama nasiha, an ɗaga hannu za a shafa fatiha, na ce wa kawunmu, "Kawu, a yi mini aikin gafara. A bar ta ta kwana biyu wurin Goggo tukuna."