Hukuncin Kiwon Damon Bishiya a Cikin Gida

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Ingila. Na ga wani koren damo a shagon masu sayar da dabbobi, irin wanda ke rayuwa a kan bishiya, ina so in saya in ajiye a ɗakina. Ya halatta? Kuma mene ne hukuncin ba shi ƙwari da ɓeraye masu rai?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, asalin ajiye dabba don sha'awa halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun bayan ya mutu. Cinikin ma ya inganta a wajen malamanmu na Malikiyya, domin duk mai rai mai tsarki ne, kuma jin daɗin kallo amfani ne da shari'a ta yarda da shi, kamar yadda ake sayen ɗawisu da aku. Wasu daga Shafi'iyya da Hanabila sun tsananta kan sayar da masu jan ciki da ba su da amfani. Umarnin kashe tsaka kuwa bai shafi wannan dabba ba.

Sai dai halaccin yana da sharaɗi, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Ya zo a hadisi cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Daga wannan hadisi malamai suka fahimci cewa duk wanda ya tsare dabba, abin da take samu da kanta a daji ya dawo wuyansa. Shehu Halil ya ambaci wajabcin ciyar da dabba a babin nafaƙa na littafinsa Muhtasar, masu sharhi kuma suka ce wanda ya ƙi, a tilasta masa ya ciyar ko ya rabu da ita.

To me wannan damo yake samu a dajinsa? Shi ba irin damon da muka sani ba ne mai jure rani a cikin rami, ba kuma guzar bakin kogi ba ce, duk da danginsu ɗaya. Gidansa kurmin Niyu Gini ne da tsibiran da ke kewaye, inda ruwa da zafi ba sa yankewa. Tsawonsa bai cika wuce mita 1 ba, mafi yawa kuma wutsiya ce wadda yake naɗe reshe da ita. Saboda haka akwatin gilashi mai faɗi maras tsayi kurkuku ne a gare shi. Masu kiwonsa suna gina keji da ya kai tsayin mutum, cike da rassa da ganye da kogon itace na ɓuya, domin dabba ce mai tsoro. Yana buƙatar danshin iska na kashi 70 cikin ɗari ko sama, da yayyafin ruwa kullum saboda yakan sha daga ganye, da wuri guda mai zafin kusan digiri 40 inda zai sha ɗumi, da gefe mai sanyi-sanyi, da fitila mai maye gurbin hasken rana, wadda in babu ita ƙashinsa yakan yi laushi. A sanyin Ingila duk wannan wutar lantarki ce dare da rana. A hukuncin shari'a waɗannan suna cikin nafaƙa, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. In ba za ka iya ba, sayensa haramun ne a kanka.

Abincinsa galibi ƙwari ne: gyare, fara, kyankyaso, ana barbaɗa musu garin kalsiyam. Ba shi su da rai babu laifi, saboda motsi ne ke sa shi farauta, kuma haka Allah ya halicce shi. Ɓera daban ne. An halatta kashe shi, amma an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, an kuma hana tsare mai rai a mai da shi abin hari. Jefa ɓera mai rai cikin keji inda ba shi da mafita azabtarwa ce da babu larurarta, tunda ana sayar da matattu daskararru, kuma ciyar da dabba mushe ya halatta. Yawan ɓera ma yana sa masa ƙiba mai cutarwa. Wanda kuma ya yi haka don ya ɗauki bidiyo ya ji daɗi, ya yi zunubi.

Ka binciki asalin damon kafin ka biya kuɗi. Dangin damo duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da fataucin namun daji, kuma ɗan'uwansa shuɗi na tsibirin Batanta a Indunusiya, wanda masana suka bayyana a 2001, yana fuskantar ƙarewa saboda masu kama shi don kasuwa. Ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, da takardunsa. Sayen na fasa-ƙwauri taimako ne a kan ɓarna.

Ka riƙa wanke hannu bayan taɓa shi, domin masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ka kuma nisantar da kashinsa daga wurin salla. Ka duba yarjejeniyar hayar ɗakinka. In ta hana ajiye dabba, cika alkawari wajibi ne. Sannan ka tambayi kanka wa zai karɓe shi ranar da ka gama karatu, domin yana iya rayuwa fiye da shekara 10, kuma sakinsa a ƙasar da ba tasa ba kashe shi ne. A matsayinka na ɗalibi mai ɗaki guda da kuɗi ƙayyadadde, shawarata ka haƙura da shi har ka samu mazauni da hali.

Allah ne Mafi sani.