SAYEN BABBAR MOTA TA HANNU: ABIN DA SHARI'A TA TANADA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya hore wa 'yan Adam abin hawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya biyo titin Ali Akilu daga Kawo ya nufi tsakiyar garin Kaduna, zai ga filayen sayar da motoci, an jera Marsandi da Lexus da manyan Toyota suna ta ƙyalli. Galibinsu kuwa ba sababbi ba ne. Bayan da aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri a 1975, an yi zamanin da ma'aikaci kan sami sabuwar 504 fil. Yanzu kuwa sai 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, wadda wani ya daɗe yana hawa a Turai ko Amurka, ko kuwa wadda ta yi hannu biyu ko uku a nan gida. Mutum nawa ne ya zuba kuɗin sallamarsa na aiki a kan irin wannan mota, wata uku bai cika ba ta koma kwanciya a gareji?

Shi son abin hawa mai kyau ba laifi ba ne. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, domin hawa da kuma ado. Ya zo a Hadisi kuma cewa abin hawa mai daɗi yana cikin abubuwan jin daɗin rayuwar mutum. Amma fa dukiya amana ce da za a tambayi mai ita ta ina ya samo ta, ina kuma ya kashe ta. Saboda haka bincike kafin saye yana cikin kiyaye amana, kuma bai saɓa wa tawakkali ba, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Malaman Malikiyya sun sa sanin abin da ake saye cikin sharuɗɗan ingancin ciniki, saboda an hana cinikin garari, watau wanda aka jahilci haƙiƙarsa. To, sanin mota bai tsaya ga launinta da sunanta ba. Suna ɗaya yana da aji-aji: akwai mai ƙaramin inji, akwai mai babba, akwai mai ja da ƙafa biyu, akwai mai ja da huɗu, kowace da kuɗinta da shan manta. Sau da yawa kuma akan canja wa tsohuwar mota fitilu da goshi, a liƙa mata tambarin wadda ta fi ta, a sayar da ita da sunan ta baya-bayan nan. Maganin wannan shi ne lambar shasi. Tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17, kuma a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, na goma daga cikinsu shi ke nuna shekarar motar. Da wannan lamba ana iya bin tarihinta ta intanet, a gane ko ta taɓa yin mummunan haɗari, ko an mayar da lissafin tafiyarta baya, ko kuwa tana cikin waɗanda ambaliya ta shanye, kamar yadda ta faru ga ɗimbin motoci a guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017. Motar da ruwa ya shiga wayoyinta, aibinta ba ya bayyana ran ciniki.

Sa'an nan shari'a ta ba mai saye damar gwaji. A babin ciniki na Risala da Muhtasar an halatta a sa sharaɗin zaɓi zuwa wani ɗan lokaci, har Shehu Halilu ya ƙaddara wa dabba kamar kwana uku. Ashe ke nan wanda ya nemi a bar shi ya kai mota wurin bakaniken da ya amince da shi, a ɗaga ta a dubi ƙarƙashinta, a jona mata na'urar bincike, a hau ta a gwada giya da birki, bai zo da baƙon abu ba. Ya kamata kuma ya leƙa Panteka ya tambayi kuɗin kayan gyaranta, ya ji ko ana samunsu. Arhar babbar mota a wajen saye take, tsadarta kuwa tana wajen riƙo, balle tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023.

Takardu ma abin lura ne. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka yi ta shigo da su ta ɓarauniyar hanya da takardun kwastan na jabu. Mafi muni ita ce motar sata. Hukuncin fiƙihu a nan a fili yake: idan mai ita ya tabbatar da mallakarsa zai karɓi abinsa, mai saye kuwa sai ya bi wanda ya sayar masa. In ba a san inda wancan ya shiga ba, shi ke nan, an yi biyu babu.

Shi kuma mai sayarwa, nauyin da ke kansa ya fi girma. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Ya hana a ƙi tatsar dabba domin hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, ya ba wanda aka ruɗa ikon mayar da ita. Wane bambanci ke tsakanin wannan da zuba wa inji baƙin mai mai kauri domin a ɓoye ƙararsa, ko shafe tsagar haɗari da fenti? Cewa "yadda ka gan ta haka take" ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya yi shiru. Dillali ma haka, la'adarsa halal ce muddin ya faɗi gaskiya, amma in ya kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya domin kuɗi su hau, ya auka cikin najashi wanda aka haramta.

Saura tambayar da mutum zai yi wa zuciyarsa. Shin wannan mota daidai ƙarfinsa ce, ko kuwa don a ce wane ya shigo unguwa da Marsandi? Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da tsaka-tsaki wajen kashe dukiya. Ciyar da iyali da biyan bashi wajibi ne, babbar mota kuwa halal ce kawai, ba a kuwa barin wajibi domin ita. Wanda ya ci bashin riba ya saye ta, ko ya bar 'ya'yansa ana koro su daga makaranta domin ya zuba mata mai, ya sayi girma a idon mutane da abin da zai tsaya amsa shi gaban Allah. In kuwa za a biya kuɗin kashi-kashi ne, to a rubuta a kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni.

Allah Ya azurta Musulmi da halal, Ya sa albarka cikin cinikinsu, Ya tsare su daga zamba da sharrin ƙarfe. Amin.