Haƙƙin Naƙasassu a Ƙofar Jami'a: Nasiha ga Masu Gina Shafukan Intanet

 

Ya ƴan'uwa Musulmi na Arlit da Akokan da Cirozerin da sauran garuruwan ma'adinai, a da idan ana maganar ƙofar ilimi, zauren malam ake nufi. Ɗalibi ya yi sallama, ya cire takalmi, ya sami wuri a tabarma. Makaho yakan zo da sandarsa ko da ɗan jagoransa ya zauna, kuma sau da yawa shi ne yake riga masu ido haddacewa. To yau ƙofar ta sauya wuri. Yaron da ya ci jarrabawar bak a Arlit, kafin ya taka harabar Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta Sayi, mafi yawan abin da yake bukatar sani game da fannonin karatu da ranakun rajista da takardun da ake nema da kuɗin tallafi, ta waya yake nemansa. Tsakaninmu da Agadas kusan kilomita 240 ne, Yamai kuwa kimanin 1,200, kuma duk wanda ya bi wannan hanya ya san abin da take yi wa lafiyayye, balle gurgu ko makaho. Saboda haka shafin jami'a na intanet shi ne zauren farko da ɗan Arlit yake yi wa sallama. Tambayar ita ce, idan makaho ne ko kurma ya yi sallamar, akwai mai amsa masa?

Kowa ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa, sura ta 80. Manzon Allah (S.A.W.) yana zaune da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), makaho, ya zo yana neman a karantar da shi. Annabi ya ɗaure fuska ya kau da kai, sai Ubangijinsa Ya saukar da ayoyi yana yi masa gyara a kan haka, ayoyin da za a ci gaba da karantawa a cikin salla har tashin duniya. Ku lura da abubuwa a nan. Abin da Abdullahi ya zo nema ilimi ne, bai zo bara ba. Sannan kuma ɗaure fuskar da aka yi, shi bai ma gan ta ba, tun da ba ya gani. Amma Allah Ya gani, kuma bai bar ta ta wuce ba. Wanda aka kau wa kai bai kai ƙara ba, Mai Sama ne Ya shigar masa. Idan har an yi wa mafi girman halitta gyara a kan wannan, alhali kuwa niyyarsa ta alheri ce kuma aikin da'awa ne ya shagaltar da shi, to ina ga ni da kai, da muke gina ƙofa mu mance cewa akwai waɗanda ba za su iya shiga ta ba?

Bayan wannan kuwa, dubi matsayin da Abdullahi ya samu. Ya zama ladanin Annabi tare da Bilalu (R.A.), kuma sau da dama idan Annabi zai fita yaƙi shi yake bari a Madina yana jan mutane salla. Itbanu ɗan Maliku (R.A.) shi ma da ganinsa ya yi rauni, ga kwari tsakaninsa da masallacin mutanensa da yake cika idan an yi ruwa, sai ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri domin ya riƙe shi wurin sallarsa. Annabi ya tafi da ƙafarsa, tare da Abubakar (R.A.), kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ba a ce masa ya yi haƙuri da ƙaddara ba. An kai masa abin da ya kasa zuwa gare shi. A kan wannan tarbiyya al'umma ta haifi Ƙatada ɗan Di'ama, makaho, jigo a tafsiri da hadisi, da Aɗa'u ɗan Abu Rabaha, gurgu wanda ya makance a ƙarshen rayuwarsa, alhali shi ne mai fatawar Makka, da Imamu Shaɗibi, makaho, wanda ya rasu a Misira a shekara ta 590 bayan Hijira, kuma har gobe da littafinsa ake koyon ƙira'o'i bakwai. Masana tarihi sun ambata cewa halifa Walidu ɗan Abdulmaliku ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali.

To yaya makaho yake karanta shafin intanet? Da yawa daga cikinmu ba su taɓa tambaya ba, wasu ma suna zaton ba ya yiwuwa. Akwai manhajoji da ke karanto abin da ke fuskar na'ura da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, kuma suna zuwa ne a cikin wayar, ba a sayensu daban. A kwamfuta akwai JAWS, ta kuɗi, akwai kuma NVDA, ta kyauta, wadda wasu makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka raya tun daga 2006. Makaho yana shafa waya da yatsa, ita kuwa tana faɗa masa: wannan kan magana ne, wannan maɓalli ne, wannan wurin rubuta suna ne. Da haka yake karatu, wani lokaci da saurin da mai ido ba zai iya bin muryar ba.

Sai dai manhajar nan tana dogara ne da rubutu na haƙiƙa, wanda aka buga harafi bayan harafi. Hoto kuwa a wurinta bango ne. Nan matsalar take, domin al'adar ofisoshinmu ita ce a buga sanarwa a takarda, shugaba ya sa hannu, a buga hatimi, sannan a ɗauki hotonta da waya a ɗora. Mai ido ya ga jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, ya nemi nasa. Makaho kuwa wayarsa za ta ce masa "hoto", ta yi shiru. Ko da an sami wata dabara da ke ƙoƙarin tsinto haruffa daga cikin hoto, idan takardar ta karkace ko tawada ta dushe, sai ta juya masa lamba ko rana, kuma ranar rufe rajista ba abin da ake kuskure a kansa ba ne. Sunansa yana cikin jerin, an ɗauke shi, amma bai sani ba. Maganin wannan bai kai kuɗin shayi ba: sakataren da ya buga takardar yana da rubutun a kwamfutarsa, abin da ake nema kawai ya ɗora rubutun tare da hoton.

Haka nan wuraren cikewa. Idan mai gina shafi bai liƙa wa kowane gurbi sunansa a cikin ginin ba, manhajar za ta ce "wurin rubutu", "wurin rubutu", har sau goma, ba ta faɗi wanne ne na sunan uba, wanne ne na ranar haihuwa ba. In ma ya yi sa'a ya cike, sai a ƙarshe a tare shi da karkatattun haruffan nan da ake cewa a kwafa domin a tabbatar mutum ne ba inji ba. Wato an ce wa makaho ya tabbatar da cewa shi ɗan Adam ne ta hanyar gani! Hotuna masu ɗauke da ma'ana suna bukatar ɗan bayani a ɓoye a bayansu wanda manhajar za ta karanto. Shafin da aka rubuta da Faransanci yana bukatar a shaida wa na'ura harshensa, in ba haka ba ta karanta shi da lafazin wani harshe, ya zama surutu.

Kada kuma a zaci maganar ta makafi ce kaɗai. Garinmu garin aikin ƙarfi ne. Tun da SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978, mutanen nan suke aiki cikin ƙarar injuna da ƙura da ƙarafa masu nauyi, kuma sananne ne cewa doguwar ƙara tana cin ji sannu a hankali. Ga haɗurran hanya, ga waɗanda shan inna ya taɓa tun suna yara. Kurma idan shugaban jami'a ya yi jawabi a bidiyo babu rubutu a ƙasa, leɓe kawai yake kallo. Wanda hannunsa ya shanye ko yake rawa ba ya iya sarrafa linzamin kwamfuta, da madannai kaɗai yake tafiya, don haka shafin da ba ya buɗuwa sai da linzami ya rufe masa. Mai raunin gani yana bukatar rubutu ya fita sosai daga launin da ke bayansa, kuma ya iya ƙara girmansa ba tare da shafin ya wargaje ba. Wannan na ƙarshe kowa ma a Arlit shaida ne, domin wa yake iya karanta rubutu toka-toka a kan fari da tsakar ranar bazara a garin nan?

Duk waɗannan abubuwa an riga an tattara su. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da jagora mai suna WCAG tun 1999, aka sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023, kyauta yake, kuma akwai fassararsa da Faransanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri. Ta fuskar doka kuwa, ƙasarmu tana da dokar kare naƙasassu tun 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, wadda sashenta na 9 ya ambaci hanyoyin sadarwa da intanet ƙarara, ta kuma yi wata sabuwar doka a 2019. Amma mu Musulmi bai kamata mu jira takardar Majalisar Ɗinkin Duniya ta koya mana abin da Suratu Abasa ta riga ta koya mana ba.

Na san abin da wani zai ce: ai sai ya sami ɗan'uwa ya cike masa. Wannan magana tana da kamar tausayi, amma ku auna ta. Wanda zai cike maka dole ka ba shi kalmar sirrinka, ya ga makinka, ya san ko ka faɗi tun kafin kai ka sani, kuma sai lokacin da ya sami sarari. Wane baligi ne a cikinmu zai yarda ya yi shekara uku ko biyar a haka? Mun daɗe muna kuka da bara, muna cewa makafi da guragu sun cika ƙofofin masallatai ranar Juma'a. To ga yaro ya ƙi bara, ya koyi rubutun makafi na ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro, wataƙila ma iyayensa sun haƙura da rabuwa da shi sun kai shi makarantar makafi ta Soli Abdurahamane a Yamai, ya yi shekaru yana fama har ya ci bak, sannan a ƙofar ƙarshe mu mayar da shi ga roƙon a taimaka masa. Tun da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan gidaje a Akokan suka gane cewa rami yana ƙarewa. Lafiyayyen yaro in karatu ya ƙi, yana iya nufar wuraren haƙar zinariya ko ya bi mota. Naƙasasshe kuwa ba shi da wannan mafita, karatun nan shi ne jarinsa.

Malamanmu na usulu sun tabbatar da cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Neman ilimi an ɗora shi a kan kowane Musulmi, ba a cire makaho ba, ba a cire kurma ba. Ya zo a hadisin Abu Zarri (R.A.), wanda Tirmizi ya ruwaito, cewa zama ido ga mai raunin gani sadaka ne, haka ma kawar da dutse da ƙaya daga hanya. A wani hadisin kuma, daga Ibnu Abbas (R.A.), an ambaci tsinuwa a kan wanda ya ɓatar da makaho daga hanya, wal'iyazu billahi. Ba na cewa injiniyan da ya gina shafi cikin rashin sani ya shiga wannan tsinuwa, domin wancan mai ganganci ne. Amma wanda aka sanar da shi, ya ga gyaran mai sauƙi ne, ya ɗaga kafaɗa ya ce su nawa ne ma, to ya ji tsoron Allah. Shi kuma shugaban da ke sa hannu a kwangilar gina shafi, amana ce a wuyansa ya rubuta wannan sharaɗi tun farko, kuma kada ya biya sai an gwada. Sa shi tun a tushe ya fi araha nesa da rushewa a sake.

Gwajin kuwa ba ya bukatar baƙo daga Faransa. A ajiye linzami, a gwada yin rajista da madannai kaɗai. A kunna TalkBack, a rufe ido, a nemi ranar fara karatu. Mafi alheri daga wannan, a kira ɗalibai makafi da kurame su gwada da kansu, ta hannun ƙungiyoyinsu irin su ƙungiyar makafi ta ƙasa, kuma a biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre.

Kafin mu nuna wa jami'a yatsa, ƙungiyoyinmu na addini su dubi nasu. Sanarwar wa'azi da ta tafsirin azumi da ta ɗaurin aure, duk a hoto muke tura su a WhatsApp, makahon da ke sahun farko kullum sai ya ji a bakin mutane. Karatuttukan malamanmu kuwa murya ce zalla, kurma ba shi da rabo a ciki. Masallatai nawa muka gina da matakala biyar ko shida, ba mu bar wa mai keke gangara ba, har ya zama dattijo yana rarrafe a kan siminti mai zafi domin ya sami jam'i? Daga wannan wata, duk mai tura sanarwa da sunan ƙungiya ya rubuta abin da ke cikin hoton a ƙarƙashinsa, rana da lokaci da wuri. Matasanmu masu saurin rubutu su ɗauki nauyin rubuta taƙaitaccen huɗubar Juma'a domin kurame. Kwamitocin masallatai kuma su sa maganar gangara da wurin alwala na mai keke a taronsu na gaba, su gayyaci masu keken su nuna musu inda ya kamata a yi ta.