Ci Da Motsin Wani

Duk wanda ya taɓa bin burtali da hantsi, ko ya ratsa fadama inda Filani suka saki shanu, ya san tsuntsaye biyu da ba su rabuwa da garke. Ɗaya balbela ce, fara sol, tana takawa a gindin saniya. Ɗayan carki ne, mai baki rabi rawaya rabi ja, maƙale a gadon bayanta kamar an ɗinke shi a wurin. Su biyun nan arzikinsu a wurin saniya yake, amma balbela kaɗai Hausawa suka yi wa zambo, suka ce da ita "ci da motsin wani". In an ga mutum yana raɓe da mai hali, sunan da a kan laƙaba masa ke nan. To, jama'a, mu sake duba shari'ar nan, mu ga ko an yanke ta bisa adalci.

Mu fara da wadda ake zargi. Saniya tana kiwo, kofatonta yana tayar da fara da sauran ƙwari daga cikin ciyawa, balbela ta cafe. Iyakar laifinta ke nan. Saniya ba ta cin fara, kuma da balbela da babu ita, sai ta yi takun nan. In magariba ta yi, balbela ta koma bishiyarta, saniya ta koma ruga ba ta rasa ko gashi ɗaya ba. Wannan hali kuwa bai tauye balbela ba. Ta ƙetare Tekun Atlantika da fikafikanta, an gan ta a Amurka ta Kudu tun 1877, ta kai ta Arewa a 1941, ta tarar da shanun can, ta zauna da su lafiya.

Shi kuwa carki kama yake da bara mai hidima. Yana tsince kaska, yana share kunne, in ya hango abin tsoro ya yi kuka. Wa zai ce wannan ba masoyi ba ne? Amma mai jakin da ke da miki a baya ya san sauran labari. Jini carki yake so, in kuwa ya sami miki a buɗe ya huta da neman kaska, sai ya yi ta saran wurin yana hana shi warkewa. A ƙasar Zimbabuwe wani masani ya raba shanu kashi biyu, ya hana carkin can, mai jan baki, sauka a kan kashi ɗaya. Da ya bayyana abin da ya gani a 2000, sai ga shi kaskar waɗanda aka kare ba ta ƙaru ba, mikinsu kuma ya fi saurin warkewa.

Tsuntsu ba ya ɗaukar alhaki, mutum ke ɗauka, saboda haka mu dawo kanmu. Wane ne a cikinmu ba ya ci da motsin wani? Maƙeri yana jiran manomi, manomi yana jiran maƙeri, mai tuwo a bakin kasuwa tana jiran su duka. Haka Allah Ya shirya duniya, babu abin kunya a ciki.

Wani zai ce, ai carki ko ba komai yana aiki, balbela kuwa ba ta tsinana wa saniya komai. Gaskiya ne. Amma sai mu tambaya, a ina abincin mai hidimar yake? Dubi mai ba manomi damin gero da damina, ya karɓi biyu da kaka. Kowace shekara yana ceto, kowace shekara rumbun yana ƙarewa da wuri. Dubi mai shiga tsakanin 'yan'uwa a rigimar gado, yau yana gidan wa, gobe yana gidan ƙane, ko'ina da goronsa, rigima kuwa ta ƙi mutuwa. Ba a zaginsu, har godiya ake yi musu, domin an ga kaskar da suka cire, ba a ga mikin da suke tonawa ba.

Saboda haka in mutum ya raɓe ka, kada ka tsaya ga yawan hidimarsa. Ka tambayi zuciyarka, ran da na warke, me wannan zai ci? In samunsa yana tare da lafiyarka, riƙe shi, ko da bai taɓa ɗauke maka tsinke ba. In yana tare da ciwonka, yi hattara. Ma'aunin nan kuwa bai halatta mu auna wasu da shi mu ƙyale kanmu ba, domin kowannenmu yana da saniyar da yake bi. Allah Ya sa mu ci halaliyarmu. Wassalam.